Wai da gaske karnuka da kyanwoyi ne suke faɗowa daga kan jinka? Amsa kan asalin "raining cats and dogs"

Wa alaikumus salam malama. Tambayarki na ganta tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa don ba irin wacce ake amsawa a tsaye bace. Kin ce kina koyar da Turanci a sakandare, kina cikin darasin karin maganar Turawa sai wani yaro ya ɗaga hannu yace malama me ya haɗa kare da kyanwa da ruwan sama har Bature zai ce "it is raining cats and dogs" in ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ke kuma kika basu labarin da aka taɓa turo miki a WhatsApp, cewa wai a Ingila ta da ɗakunan jinka ne, karnuka da kyanwoyi suna hawa sama su kwanta cikin ciyawa don jin ɗumi, in ruwa ya sauko sai santsi ya kwaso su su faɗo ƙasa. Daga baya zuciyarki bata kwanta ba shine kike tambaya ko gaskiya ne.

Toh a taƙaice ba gaskiya bane. Kuma kar ki ji komai, ni na shekara sama da ashirin ina koyar da tarihin harshen Turanci kuma wlh kusan duk shekara sai ɗalibi ya kawo min wannan labarin, wasu ma malamansu ne suka rubuta musu a allo suka kwafa a littafi. Abin yana damuna sosai don yaron da ya yi tambayar nan tambaya mai kyau ya yi, ya cancanci a nuna masa yadda ake bin sawun magana, ba a bashi tatsuniya a ce masa tarihi ne ba.

Bara in fara da labarin jinkar tunda shi kika kawo. Wannan labarin ba daga wani littafin tarihi ya fito ba, daga wani saƙon imel ne da ya fara yawo a 1999 mai taken "Life in the 1500s", babu sunan marubuci babu sunan littafi ko ɗaya da aka dogara da shi, kawai an jero karin magana kusan goma sha an ƙirƙira wa kowanne labari mai daɗin ji. A cikinsa ne aka ce wai "saved by the bell" daga binne mutane da rai ya samo asali, ana ɗaura wa gawa igiya da ƙararrawa, alhali maganar daga dambe ta fito, ƙararrawar ƙarshen turmi ce take ceton wanda aka kusa kayarwa, kuma sai ƙarshen ƙarni na 19 ma aka fara ganinta a rubuce. A cikinsa ne aka ce zubar da jariri tare da ruwan wanka al'adar Ingila ce, alhali karin maganar Jamusawa ce, tana cikin rubutun wani Thomas Murner tun 1512, Turanci aro ya yi daga baya. Kinga kenan saƙon gaba ɗaya ba abin riƙewa bane. Daga imel ya koma Facebook, daga Facebook ya koma WhatsApp, yanzu har bidiyo ake yi da shi.

Amma ki ajiye batun imel ɗin ma gefe, ki tambayi duk wanda ya tashi a ƙauye. Ni a ɗakin jinka na yi ƙuruciyata a gidan kakanmu, na ga yadda ake shimfiɗa ciyawa ana ɗaure ta tamau ana bi da igiya, na ga kaza ta hau, na ga zabo, na ga ƙadangare, kyanwa ma takan bi ta katanga ta hau da rana. Kare fa? Tunda nake ban taɓa ganin kare a kan jinka ba. Kuma in hadari ya haɗo iska ta fara kaɗawa, dabba ba sama take nufa ba, ƙarƙashin rumbu take shigewa ko ta raɓe a zaure ko madafa, akuya ma da ɗigon farko take rugawa. Jinkar Turawa kuma ta fi tamu tsayi da gangara, ana yinta a karkace sosai don ruwa ya zarce da sauri, a matse take gam babu wani gurbi da kare zai shiga ya kwanta. Sannan wani abu da masu labarin basu sani ba, birnin Landan ya hana rufin jinka tun 1212 bayan wata babbar gobara, shekara ɗaruruwa kafin lokacin da suke magana a kai. Kuma a duk rubuce-rubucen zamanin, wasiƙu ne ko wasan kwaikwayo ko labarin matafiya, ba a kawo wani da yace ya ga karnuka suna zubowa daga rufi ba.

Toh yanzu mu zo kan abin da yake a rubuce, don a wannan fannin namu ƙa'ida ɗaya ce take gaba da komai: a ina aka fara ganin maganar, a wace shekara, kuma da wace siga. Duk labarin asali da ya ci karo da shekarun nan ya faɗi, komai daɗinsa.

Mafi tsufan wurin da aka saba kawowa shine 1651, a waƙen wani mawaƙi ɗan yankin Wales mai suna Henry Vaughan, cikin diwaninsa Olor Iscanus. Waƙar ta barkwanci ce, wani abokinsa ne ya ara masa wata alkyabba mai kauri da nauyin tsiya, shine yake ta zuzuta taurinta, har yace 'yan koli zasu so su samu rufi irinta ranar kasuwa don ta kare musu hajarsu daga "Dogs and Cats rain'd in showre", wato karnuka da kyanwoyin da ake zubowa cikin ruwa. Ki lura da abu biyu anan. Na farko kare ne a gaba kyanwa a baya, ba kamar yadda ake faɗa yau ba. Na biyu bai tsaya ya yi bayani ba, ya wuce kawai kamar wanda ya san masu karatu sun saba jin maganar.

Sai na biyu, kuma shine na fi so, wasan kwaikwayon Richard Brome mai suna The City Wit da aka buga a 1653, shekara ɗaya bayan rasuwarsa, amma an rubuta shi tun wajen shekara ashirin kafin nan. A cikin wasan akwai wani malami mai son nuna ilimi, yana jefo kalmomin Latin da Girkanci yana fassara su da Turanci, amma fassarar ba ta ma'ana bace, ta kamannin sauti ce. Ya kawo kalmar Latin "regnabit" wacce ma'anarta zai yi mulki, sai ya fassara ta da za a yi ruwa, saboda a Turanci mulki ("reign") da ruwan sama ("rain") furucinsu ɗaya ne. Sai ya kawo "dogmata polla", Girkanci ne, ma'anarsa koyarwa masu yawa, sai yace ai "Dogs and Polecats" kenan. Wannan polecat ɗin wata 'yar dabba ce mai wari, 'yar uwar bodari. Toh ki duba, wannan raha ba zata ba 'yan kallo dariya ba sai in dama sun san ana cewa ruwan karnuka da kyanwoyi, kamar dai a ce wani a dandali ya karkatar da karin maganar Hausa, ai sai wanda ya san ta asalin ne zai yi dariya. Shi yasa ni nake ganin maganar ta girmi duka rubutun nan biyu, tana bakin mutane tun farkon ƙarni na 17 aƙalla, rubutu ne ya makara wajen kamo ta. Kuma haka abin yake a kowane harshe, maganar kasuwa da ta tasha sai ta shekara da shekaru kafin wani ya sa ta a takarda.

Siga irin ta yau, kyanwa a gaba kare a baya, sai a 1738 muka ganta, a hannun Jonathan Swift, limamin cocin nan na Dublin da ya rubuta tafiye-tafiyen Gulliver. Ya yi wani littafi da ake kira Polite Conversation a taƙaice, hirar manyan mutane ce ta yini guda, daga karin kumallo zuwa shan shayi, kuma da gangan ya cika bakinsu da maganganun da aka tauna aka tauna har suka salance, don ya nuna yadda masu kuɗin zamaninsa suke surutu ba tare da sun faɗi komai ba. A ciki ne wani yake cewa ya san Sir John sai ya tafi ko da ya tabbata za a yi ruwan "cats and dogs". Ma'ana a 1738 ma maganar ta riga ta zama tsohon yayi har ana yi mata dariya. Wannan batun zan dawo kansa a ƙarshe don ya shafi ajinki.

Yanzu ga bayanin da ya fi kowanne ƙarfi a cikin na masu neman labari, kuma shima da Swift ɗin yake da alaƙa. A watan Oktoba na 1710 ya buga wata waƙa a mujallar Tatler mai suna A Description of a City Shower, yana siffanta ruwan sama a Landan. Waƙa ce mai kyau ƙwarai, ya fara da alamun hadari, kyanwa ta daina wasa da jelarta, kwatoci sun fara wari, sai yayyafi, mata suna rugawa shaguna suna taya kaya ba don zasu saya ba sai don su fake, 'yan jam'iyyu biyu masu gaba sun cure a rumfa ɗaya sun manta da rigimarsu. Sai ƙarshen waƙar, ruwa ya cika kwatoci ya kwaso dattin kowace unguwa, daga Smithfield inda kasuwar dabbobi da mahauta suke, ya gangaro ta Snow Hill zuwa gadar Holborn inda yake faɗawa rafin Fleet, kuma ya lissafa abin da ruwan ya ɗauko: sharar rumfunan mahauta, kashi, kayan ciki, jini, 'yan kwikwiyon da ruwa ya ci, ruɓaɓɓun ƙananan kifaye, matattun kyanwoyi da ganyen kayan lambu. Wannan ba ƙari ya yi ba, Landan ta lokacin haka take, kwata a buɗe a tsakiyar titi, rafin Fleet ya zama juji, sai bayan warin da kogin Thames ya yi a 1858 ne ma aka tashi haiƙan aka gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa a hannun injiniya Joseph Bazalgette.

Duk wanda ya zauna a birni cikin damina ya san hoton nan. Ni akwai wata kwalbati a bakin layinmu, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi in ka tsaya a kanta bayan an ɗauke zaka ga leda, robar lemo, takalmi wari ɗaya, mushen kaza da ƙafafu a sama, wata rana har ɗan akuya a kumbure. Yaro ƙarami in ya gani zai iya cewa daga sama suka faɗo. Toh masu wannan ra'ayin cewa suke haka aka yi a Ingila, mutane suna fitowa bayan ruwa su tarar da matattun karnuka da kyanwoyi a titi sai suka fara cewa ruwansu aka yi.

Ina girmama wannan bayanin don aƙalla yana da ƙafa a ƙasa. Amma ki duba shekaru. Waƙar Swift 1710 ce, Vaughan 1651, tazarar shekara 59, don haka ba daga waƙar maganar ta fito ba kamar yadda wasu littattafan makaranta suke rubutawa. Kuma a cikin waƙar Swift bai ce an yi ruwan dabbobin ba, cewa ya yi ambaliya ta kwaso su. Zai yiwu dattin titin ya taimaka wa maganar ta zauna a bakin 'yan birni, wannan ban musa ba, amma babu wani marubucin ƙarni na 17 da aka kawo wanda ya haɗa biyun. Haka masu cewa daga annobar 1665 ne, lokacin da hukumar Landan ta sa aka karkashe karnuka da kyanwoyi don ana zaton su suke yaɗa cutar, kisan ya faru da gaske, amma maganar tana a buge shekara 14 kafin annobar. Ɗa baya girmar ubansa.

Sai masu kai abin can nesa. Akwai bayanin da ƙamus ɗin Brewer na karin magana da tatsuniyoyi ya yaɗa, wanda aka fara bugawa a 1870, cewa wai daga addinin gargajiyar mutanen arewacin Turai ne, kyanwa alamar ruwa ce, mayu suna rikiɗa su zama kyanwa su hau guguwa, kare kuma alamar iska ce don yana bin gunkinsu Odin. Matsalar itace a tatsuniyoyin nasu dabbobin Odin kyarketai biyu ne da hankaki biyu, mai tsawa da aradu kuma Thor ne, kyanwoyi keken Freyja suke ja. Sannan zamanin Viking, wato mayaƙan arewacin Turai masu wannan addinin, ya ƙare a Ingila wajen 1066, maganar kuma bata bayyana ba sai kusan shekara 600 bayan nan. Ina ta ɓuya duk tsawon wannan lokacin, alhali muna da tarin rubutun Turanci na tsakanin? Wannan irin bayanin 'yan ƙarni na 19 ne, lokacin ana yayin jingina komai ga tsoffin gumaka.

Akwai kuma masu cewa gurɓatacciyar kalma ce. Wasu suka ce daga Girkanci "kata doxa", wai ma'anarsa abin da ya saɓa wa hankali. Wanda ya karanta Girkanci ko na shekara ɗaya ya san ba haka ake faɗa ba, abin da ya saɓa wa zato "para doxan" ne, daga nan ma Turanci ya samu kalmar paradox, shi "kata doxan" akasin haka yake nufi, wato daidai da zato. Wasu suka ce daga "catadupe" ne, tsohuwar kalma mai nufin inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse, asalinta sunan da Girkawa suka ba gangaren kogin Nilu na wajen Aswan, har Cicero, marubucin tsohuwar Rum, ya rubuta cewa mutanen wurin sun kurumce saboda ƙarar ruwan. Wannan kalmar da gaske ta taɓa shiga Turanci da Faransanci, kuma ma'anar ta dace, ruwa kamar gangaren Nilu. Amma ina kare a ciki? Kyanwa kawai ta bayar, rabin bayan bai yi kama da "dogs" ba. Abin da ya ƙarasa kashe ta shine wancan da nace ki lura da shi, tsofaffin sigogin duka kare ne a gaba. In da daga catadupe ne, da siga mai kyanwa a gaba zamu fara gani, sai ga shi ita ce ta zo daga baya da shekara 87.

Irin wannan fassarar ta kamannin sauti mu ma muna da ita ai, kin sha jin ana cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, ko Bayajidda daga "ba ya ji da". Kunne ne yake jin kalma ya nemo mata 'yar uwa a kusa, sai labari ya biyo baya ya ɗaure su. Abin sha'awa Brome da kansa wannan ɗabi'ar yake yi wa dariya a wasansa, sai ga shi bayan shekara ɗari biyu masana sun zo suna yin irinta da gaske akan maganar da ya yi rahar da ita.

Toh ni meye ra'ayina? Ni a ganina zuzutawa ce kawai, kuma kuskuren da ake yi tun farko shine zaton dole sai wani abu ya faru a zahiri kafin a yi karin magana. Ki duba yadda sauran al'ummu suke faɗa. Akwai masu kwatanta ruwan da mazubi, mu muna cewa kamar da bakin ƙwarya, Larabawa suna cewa kamar bakunan salka, Sifaniyawa da tuluna, Rashawa kamar daga bokiti. Waɗannan a fili suke ba mai neman labarinsu. Sai kuma masu cewa wani abu mai nauyi ko mai ciwo ne yake faɗowa: Faransawa suna cewa ana ruwan igiyoyi ko ruwan masu, 'yan Brazil ruwan wuƙaƙe, mutanen Wales, 'yan uwan Vaughan kenan, cewa suke ana ruwan tsofaffin mata da sanduna. Wa zai ce akwai ranar da tsofaffi suka faɗo daga sama a Wales? Ba wanda ya taɓa ƙirƙirar labarin tsofaffi suna kwana kan jinka. Turawan Ingila kansu suna da wasu, akwai ruwan "pitchforks", wato cokali mai yatsun nan dogo da ake kwasar ciyawa da shi. Duk salo ɗaya ne, ka ɗauko abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ka ce shi ake zubowa, don mai ji ya gane ruwan ya wuce misali.

Me yasa kare da kyanwa to, ba doki da jaki ba? Anan akwai abin da yake tabbas: tun kafin zamanin Vaughan Turanci ya riga ya haɗa dabbobin nan biyu a matsayin abokan gaba, ana cewa wane da wane suna zaman kyanwa da kare, kamar yadda mu zamu ce zaman doya da manja. Kalmomi biyu ne gajeru da suka saba tafiya tare a baki, kuma abin da suke kawowa a zuciya shine hayaniya, haushi, yakushi, birgima. Ruwa mai iska da tsawa ai faɗa ne a sama. Ki tuna ƙarar ruwa a kan kwano da daddare har baki jin maganar na kusa dake. Wannan bayanin bashi da daɗin labari kamar na jinka, ba za a yi bidiyo da shi ba, amma shi kaɗai ne bai ci karo da shekaru ba, bai ci karo da sigar farko ba, kuma ya dace da yadda harsuna suke yi. Duk da haka in kin faɗa wa yara ki ce musu shine mafi kusa a wajen masu bincike da yawa, kar ki ce an yanke. Hatta laburaren majalisar dokokin Amurka da ya yi ɗan bayani akan maganar, jero ra'ayoyin ya yi ya bar ta a buɗe.

Kar ki ji tsoron komawa aji ki gyara. Ni na ga malamai suna jin nauyin haka, suna ganin zai zubar musu da girma, amma a gogewata ɗalibi ya fi riƙe darasin da malami ya dawo yace na bincika na gano ba haka bane. Ki rubuta shekarun nan huɗu a allo, 1651, 1653, 1710, 1738, ki rubuta abin da aka gani a kowacce, sannan ki kawo labaran ɗaya bayan ɗaya ki bar su su gwada da kansu wanne ya tsallake wanne ya faɗi. Zaki sha mamakin yadda 'yan aji biyar zasu kama batun kare a gaba kyanwa a baya ba tare da kin nuna musu ba. Yaron da ya yi tambayar ki bashi alli shi ya rubuta.

Sai batun da nace zan dawo kansa. Ki gaya musu su san maganar don jarabawa da karatu, tana fitowa a tambayoyin karin magana kuma zasu gamu da ita a littattafai, amma su sani Baturen Ingila na yau ba kasafai yake faɗinta a hira ba, ta zama ta littafin koyon Turanci da ta tsofaffi. Abin da zaki fi ji a bakinsu shine "it's pouring" ko "it's bucketing down", na biyun ma kusan bakin ƙwaryarmu ne, bokiti kawai suka sa. Ina duba rubutun ɗalibai duk shekara, in aka ce su rubuta labarin ranar da ba zasu manta ba, cikin goma sai kin samu da yawa sun buɗe da ruwan kyanwa da kare, an haddace musu ita kamar dole, har wanda labarinsa a watan azumi na bazara ya faru sai ya nemo mata gurbi. Gara yaro ya rubuta cewa ruwa ya cika tsakar gida har ya ɗauke takalman da aka bari a bakin ƙofa, da Turanci mai sauƙi, wannan mai dubawa zai ga abin da idonsa.

In kuma makarantarku akwai hali ko da a wayarki ne, ki nemo musu zanen George Cruikshank na 1820, ki rubuta sunansa da "Very Unpleasant Weather" zai fito. Ya zana titi ana ruwa, kyanwoyi da karnuka da cokulan ciyawa suna zubowa daga sama a kan mutane, lemomi suna yagewa, kowa yana gudun ceton rai, kuma a cikin taken zanen ya kira ta tsohuwar magana. Daga gajimare ya zana su suna faɗowa, ba daga kan rufin kowa ba. Allah ya taimaka malama, ki gaida min yaron.